Tulun Difilon da Maginan Girka na Farko

 Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu je ƙasar Girka, mu koma baya shekara kusan 3,000, mu zauna kusa da magina tukwane mu ga abin da hannunsu yake yi.

A birnin Atina, cikin babban gidan adana kayan tarihi na ƙasa, akwai wani tulu na yumɓu da tsayinsa ya kai mita 1 da santimita 55. In mace matsakaiciya ta tsaya gefensa, kusan kansu ɗaya. Ba a gina shi don ɗiban ruwa ba, babu ma wanda zai iya ɗaukarsa a ka. An gina shi ne don a kafa a kan kabarin wata mata, wajajen shekara ta 750 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. Tun daga bakinsa har gindinsa zane ne ya zagaye shi, layi bisa layi, babu wurin da aka bari haka nan. Ana kiransa Tulun Difilon. Shi ne ƙololuwar wani salon zane da masana ke kira salon jiyometiri, wato zanen lissafi, wanda aka yi da da'ira da alwatika da layuka masu kusurwa. Abin da nake so mu bibiya yau shi ne yadda aka yi aka kai ga wannan tulu, domin sai da magina suka yi shekara 300 suna gyara hannu kafin ya samu.

Kafin mu shiga, a riƙe abu ɗaya don kada lissafi ya rikice mana. Shekarun da ke kafin haihuwar Annabi Isa baya-baya ake ƙirga su. Shekara ta 1000 ta riga ta 900, ta 900 kuma ta riga ta 800. Duk shekarar da na ambata a wannan shiri irin wannan ce, sai fa wadda na ce ta zamaninmu ce.

Tun kafin wannan zamani Girka tana da manyan fadoji, a Mikeni da Filos da wasu garuruwa. Suna da sarakuna, da magatakarda masu rubuta lissafin tumaki da mai da hatsi a kan allunan yumɓu. Maginansu kuma sukan zana furanni da tsuntsaye da dabbobin teku da mayaƙa a jikin tukwane. Wajajen shekara ta 1200 waɗannan fadoji suka rushe, da yawansu wuta ce ta cinye su. Da fada ta tafi, rubutu ya bi ta, domin aikin fada kaɗai ake yi da shi. Garuruwa suka zama kufai, jama'a ta ragu, fatauci ya ja baya. Girkawa suka yi shekara wajen 400 ba su rubuta komai ba a ƙasarsu. Tukwanen da aka tono na farkon wannan lokaci suna nuna halin da ake ciki: sun karkace, yumɓun ba a tace shi sosai ba, zanen kuma 'yan layuka ne masu rawa da aka ja cikin gaggawa.

To, wajajen shekara ta 1050 wani abu ya sauya, kuma a Atina ya fi bayyana. Magina suka soma tace yumɓu da kyau. Faifan da suke ɗora yumɓu a kai suna juyawa ya ƙara sauri, sai jikin tulu ya fito daidai, cikinsa ya yi kamar ƙwai, gindinsa ya zauna daram. Sannan suka fito da wata 'yar na'ura da ni a ganina ta cancanci a tsaya a kanta. Kowa ya san kamfas ɗin da yara ke zana da'ira da shi a makaranta. To, ka ɗauki irinsa, amma maimakon fensir ɗaya, ka jera ƙananan buroshi da yawa a hannunsa, kamar haƙoran matsefi. Ka tsoma su cikin ruwan zane, ka kafa tsinin a jikin tulu, ka juya sau ɗaya. Nan take da'irori da yawa za su fito, wata cikin wata, tazararsu ɗaya. In ka duba irin waɗannan tukwane da kyau, har yau za ka ga ɗan ramin da tsinin ya bari a tsakiyar da'irar. Kada a ɗauka abu ne mai sauƙi. Jikin tulu ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar takarda, yana da doro, kuma ruwan zane yakan ɗiga. In hannu ya yi rawa kaɗan, ko buroshi ɗaya ya sha ruwa fiye da sauran, aiki ya ɓaci. Masu bincike na zamaninmu sun ƙera irin wannan na'ura sun gwada, suka tabbatar haka aka yi. Wannan zango, daga 1050 zuwa 900, shi ne share fagen salon jiyometiri.

Shi kansa baƙin da suke zane da shi ba fenti ba ne. Yumɓu ne aka tace shi har ya zama ruwa-ruwa mai laushi, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe. Lokacin da magini yake shafa shi, launinsa bai bambanta sosai da na jikin tulun ba. A matoya ake yin sauran aikin. Da farko a bar iska ta shiga, wuta ta ci sosai har zafi ya kai wajen digiri 800, komai ya yi ja. Sai a toshe ƙofofin iska, a jefa ɗanyen itace, hayaƙi ya turnuƙe, zafi ya haura 900, tulun gaba ɗaya ya koma baƙi. A nan ne wurin da aka shafa wa tataccen yumɓu yake narkewa kaɗan ya liƙe. Daga nan a sake buɗe wa iska hanya yayin da wuta ke lafawa. Jikin tulu ya sha iska ya koma launinsa mai haske, wurin zane kuwa da yake ya riga ya liƙe, sai ya tsaya a baƙinsa mai sheƙi. Babu ma'aunin zafi a hannunsu. Da launin harshen wuta da sabo suke gane lokaci ya yi. Shi ya sa za ka ga wani tulun gefe ɗaya baƙi, ɗaya gefen ja-ja, inda wuta ba ta bi yadda ake so ba.

Abin da ya fi burge ni a maginan wannan zango shi ne sun san inda ya kamata zane ya zauna. Ba su watsa shi ko'ina ba. Sukan dubi tulu kamar jikin mutum, mai baki da wuya da kafaɗa da ciki da ƙafa. Rabin da'ira a kafaɗa, inda jiki ke lanƙwasa. Cikakkiyar da'ira a ciki, tsakanin hannaye biyu. Baƙin layi mai kauri a inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Zanen yana bayyana ginin, ginin yana riƙe zanen.

Mafi yawan waɗannan tukwane daga maƙabarta aka same su, musamman maƙabartar Keramaikos, unguwar magina ta Atina. A al'adarsu ta wancan lokaci ƙona gawa suke yi, su zuba toka da ƙasusuwa cikin tulu su binne. In namiji ne, tulu mai hannaye a wuya. In mace ce, mai hannaye a ciki. An sami kaburburan maza inda aka lanƙwasa takobin ƙarfe na mamacin aka naɗe shi a jikin tulun, yadda ba mai sake amfani da shi.

Ba Atina kaɗai ke motsi ba. A Lefkandi, a tsibirin Yubiya, an tono wani dogon gini na kusan mita 50 da aka yi wajajen 950, a ƙarƙashinsa an binne namiji da mace da dawakai 4. A maƙabartar da ke gefensa aka sami wani ɗan mutum-mutumi na yumɓu, rabi mutum rabi doki, tsayinsa santimita 36, jikinsa duk zanen lissafi. Kansa a kabari ɗaya aka same shi, gangar jikinsa a wani kabarin.

Da aka kai shekara ta 900, sai maginan Atina suka soma ajiye kamfas a gefe. Suka lulluɓe kusan dukan tulu da baƙi, suka bar 'yar taga a wuya da siririn ɗamara a ciki. Cikin wannan taga suka sa sabon zane, wanda shi ne ya zama tambarin zamanin gaba ɗaya. Layi ne da ke tafiya gaba, ya karya kwana, ya koma ciki, ya sake karyawa, ya fito, ya ci gaba, haka har ya zagaye tulun ya haɗu da mafarinsa. Ana kiransa miyanda, daga sunan wani kogi mai yawan lanƙwasa da ke ƙasar Turkiyya ta yau, wanda Girkawa ke kira Mayandiros. Yadda suke yinsa shi ne, a ja layi biyu a jere, sannan a cike tsakaninsu da ƙananan layuka a karkace, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. A tulu guda za a iya samun dubbansu. Kuma dole magini ya auna tun farko, domin in bai raba zagayen daidai ba, zai iso ƙarshe ya tarar kwanar ƙarshe ba ta haɗu da ta farko ba. Masana da dama suna ganin wannan zane daga saƙa ya samo asali, daga tufafi da kwanduna. Duk wanda ya taɓa zama ya kalli mai saƙa tabarma ko mai ɗinkin faifai zai gane dalilinsu: zare da kaba ba sa son da'ira, kwana suke so. Tufafin wancan zamani sun ruɓe, yumɓun da aka toya ne ya rage.

Bari in ba ku labarin kabari ɗaya, don a ga su wa ake yi wa wannan aiki. A shekarar 1967 ta zamaninmu, masu tono suka ci karo da kabarin wata mata a gindin tudun Ariyofagos, kusa da tsohuwar kasuwar Atina. An binne ta wajajen 850. Tokarta tana cikin wani kyakkyawan tulu mai hannaye a ciki. Tare da ita akwai 'yan kunne na zinariya da aka yi wa ado da ƙananan ƙwayoyi kamar gero, da duwatsun wuya da suka fito daga ƙasashen gabas. Akwai kuma wani akwatin yumɓu, a kan murfinsa an gina 'yan rumbuna 5 a jere, kowanne da ƙofarsa a sama, kowanne an yi masa zanen lissafi. Rumbu dai ko'ina ma'anarsa ɗaya ce, gidan yana da hatsi. Shekaru da yawa bayan tonon, aka sake duba ƙasusuwan da ke cikin tulun, sai aka ga akwai na jariri a ciki. Ashe tana da tsohon ciki lokacin da ta rasu. Tun da na san wannan, duk sa'ad da na ga hoton tulun nan da layukansa masu natsuwa, sai in tuna gida ne aka yi rashi biyu rana ɗaya, aka nemi mafi kyawun abin da magini zai iya yi.

Daga 850 zuwa 760 zanen ya yi ta cin baƙin, ɗamara tana ƙaruwa bisa ɗamara. Aka sami battoci masu faɗi da aka gina wa dawakai a kan murfi, wani ɗaya, wani har 4, su ne mariƙi. Doki a Girka ta lokacin sai mai hali, domin ƙasar duwatsu ce, makiyaya ba ta da yawa. Siffar mutum kuwa ta daɗe ba ta dawo ba, kuma da ta dawo, a raɓe ta shigo. A jikin wata randa ta ƙarni na 9 daga Keramaikos, can gefe kusa da hannu, akwai wata 'yar siffa ta mai makoki, ƙarama ƙwarai, kamar wadda ba ta so a gan ta.

Sai ga wanda masana ke kira Gwanin Difilon, wajajen 760. Bai sa hannu a aikinsa ba, sunan da ake kiransa da shi daga wata ƙofar gari ce da aka gina daga baya kusa da maƙabartar da aka sami tukwanensa. Difilon na nufin ƙofa biyu. Da salon hannunsa ake gane aikinsa da na yaransa, yadda ake gane ɗinkin wani gwani ko ba a faɗa ba.

Mu koma ga tulun da muka fara da shi, wanda aikin wannan gwani ne. Girmansa ya fi ƙarfin a gina shi a tashi ɗaya, don haka kashi-kashi aka yi shi, aka haɗa tun yumɓu bai bushe ba. Tsayinsa kusan ninki biyu ne na faɗinsa, wuyansa kusan rabin gangar jikinsa. A wuya akwai jerin bareyi suna kiwo, da jerin awaki a gurfane sun waiwayo, kowace tamkar 'yar'uwarta, har dabbobin ma sun zama ɗamara. Idonka zai yi ta bin miyanda iri-iri har ya iso mafi faɗin wuri, tsakanin hannaye biyu. A nan aka buɗe taga. Mamaciya tana kwance a kan dogon gado. An ɗage mayafin da aka rufe ta da shi, mai zanen dara, an zana shi a samanta, don mai kallo ya ga gawar. Ƙarƙashin gadon mutum 4 ne, biyu a durƙushe, biyu a zaune. Hagu da dama masu makoki ne a tsaye. Kusa da gadon akwai wata 'yar ƙaramar siffa, ga alama yaro ne ko yarinya, ta miƙa hannu ta taɓa shi. Kowane mutum baƙar inuwa ce: kai ɗan dunƙule, ƙirji alwatika mai tsini a ƙugu, ƙafafu dogaye. Kusan dukansu sun ɗora hannu biyu a ka. Wannan kam ba sai an fassara wa Bahaushe ba. Mun san abin da ke sa mutum ya ɗora hannu a ka.

Na sha jin mutane, in sun ga hoton waɗannan siffofi, suna cewa ai zanen yara ne. Ban yarda da wannan ba, kuma ga hujjata. Hannun da ya iya jan dubban layuka a jikin tulu mai tsayin mutum ba tare da ɗaya ya kauce ba, ba gazawa ce ta sa ya mai da ƙirji alwatika ba. Ya zaɓi ya shigar da mutum cikin tsarin da ya gada ne. Dubi hannayen da aka ɗora a ka, sun yi kwana irin kwanar miyanda da ke samansu. Alwatikar ƙirji tana amsa alwatikar da ke cikin ɗamara. Kuma yana zana abin da ya sani yana nan, ko da ido ba zai gan shi daga wuri ɗaya ba: ƙirji ta gaba, ƙafafu ta gefe, gado da dukan ƙafafunsa, mayafi a ɗage. So yake kowane abu ya fito sarai, kada wani ya ɓoye wani. Mai wucewa ta maƙabarta zai duba ya ƙirga mutum nawa suka yi kukan wannan mata.

Kaburburan maza kuma randa ake kafa musu, mai faɗin baki, irin wadda ake gauraya giya da ruwa a cikinta wurin liyafa. Akwai wata a Atina mai tsayin mita 1 da santimita 23, wadda ke nuna an ɗora gawa a keken doki za a kai ta makwanci, ƙasa kuma jerin kekunan dawakai ne. A wasu akwai mayaƙa da garkuwa mai tsukakken tsakiya, da jiragen ruwa masu matuƙa da yawa, da gawawwaki a fagen daga. Da yawa daga cikin waɗannan manyan tukwane an huda gindinsu. Wasu masana sun ce don abin da aka zuba wa mamaci ya isa ƙasa ne, wasu sun ce don ruwan sama ya tsiyaye. A zamanin waɗannan randuna ne kuma ake kyautata zaton waƙoƙin mawaƙin Girka Homa suka kama siffarsu, kuma a cikin waƙarsa Iliyad akwai jana'izar jarumai da ƙona gawa da tseren keken doki, irin abubuwan da muke gani a jikin randunan nan.

Kowane gari da hannunsa. Maginan Korinti suna da yumɓu mai haske, suka ƙware a kofuna marasa kauri da siraran layuka a jere, kayansu suka cika kasuwannin Italiya da Sisili. Na Argos suna son zana mutum riƙe da doki, da kifi a ƙarƙashin cikin dokin. Na Yubiya suna da kofi mai rabin da'irori da ke rataye daga baki, an same shi har a Kubrus da Taya da Al Mina a gaɓar Sham. Saboda salon yana sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, ɓallin kasko ɗaya yakan gaya wa mai tono shekarun wurin da yake haƙa. Aikin da Nikolas Koldstirim ya wallafa a shekarar 1968 ta zamaninmu, inda ya jera waɗannan salo gari-gari, zango-zango, har yau da shi ake aunawa.

Cuɗanya da mutanen gabas ce ta dawo wa Girkawa da rubutu, suka ari baƙaƙen Finikiyawa suka ƙara musu wasula. Kuma ɗaya daga cikin mafi daɗewar rubutun da muke da shi a jikin wata buta ce ta wannan salo, daga maƙabartar Difilon, ta wajajen 740. Bayan an toya ta, wani ya ɗauki abu mai tsini ya karce baƙin kafaɗarta, daga dama zuwa hagu, ya rubuta cewa kyauta ce ga wanda ya fi iya rawa.

Ita wannan cuɗanya ce kuma ta kawo ƙarshen salon. Fatake suka shigo da kwanonin tagulla da sassaƙen hauren giwa da tufafi masu hoton zakoki da furanni da halittu masu fukafukai. Yayin manyan tukwanen kabari bai wuce zuriya ɗaya ko biyu ba. Daga wajajen 720 maginan Korinti suka soma sakin layin lissafi, kafin 700 na Atina ma sun bi. Siffofi suka yi girma, suka sami ido da gashi da tsoka, layi ya soma lanƙwasa. Miyanda ta bar tsakiyar tulu ta koma gefe. A tukwanen Atina na shekara 200 ko 300 bayan haka, waɗanda ke cike da hotunan jarumai, in ka sauke ido ƙasa da ƙafafun mutanen, sau da yawa za ka same ta nan, siririyar ɗamara, a kanta suke tsaye.